Girgijen Tasalla Gyarata Ce

Da sunan Allah nake buɗe baki, Mai ɗaga wanda Ya so, Mai ajiye wanda Ya so, Mai raba rana da inuwa ba da shawarar kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta. Bayan haka, ni ce Marka 'yar Sambo, matar marigayi Jatau mai kanwa, ta garin Kwargaba. Karatuna bai wuce na allo ba, rubutuna kuwa kamar kaza ta yi tono, amma na ɗauki alƙalami da kaina, domin labarin nan ya yi yawo a bakin mutane har ya canza kama. Duk inda ya je ƙanwata Tasalla ce a gaba, ni a baya kamar jela. To, ga yadda aka yi, daga bakin wadda ta yi cinikin.

Da na fita takaba sai na ga waɗanda ke durƙusa mini don darajar Jatau sun koma gaishe ni a tsaye. Ni kuwa ba a yi ni don haka ba. Ana nan sai wani farke ya sauka a zaurenmu, ya ba da labarin ƙasar Zarmalle, can bayan bangon duniya, inda sarki ke ba mutum girma don aikinsa, mace ce ko namiji, baƙo ne ko ɗan gari. Na ce girman da ba a binne shi tare da miji, shi nake so. Na ɗaure wa jakuna kanwa, da daddawa, da barkono, da man kaɗanya, da buhunan audugar rimi. Na tafi da Tasalla don ta riƙa yi mini tuwo da korar jakai, don ban ga wani abin da ta iya ba. Mace ce da in mai kaya ya faɗi kuɗi sai ta miƙa masa har da godiya.

Muka bi ayari muka yi ta tafiya har muka kai wani kogi wanda ba ruwa ne ke gudu a cikinsa ba, yashi ne. Mai fiton wurin wani kunkuru ne, bayansa ya kai faɗin kasuwar ƙauye. Ya ce kowa ya ba shi jaki guda. Fatake suka fara kwance kaya. Ni na zauna a gaɓa na ce masa, "Baba, kai da ba ka da haƙori, me za ka yi da jaki?" Muka yi ta ja har rana ta karkata, ya ɗauke ni da Tasalla da jakunanmu a kan curin daddawa. Daga nan muka ƙetare wani faƙo da ake kira Tanderu, inda babu tsiro ko na ciyawa, muka iso Birnin Tulluwa, fadar Sarki Bagwanje.

Ƙasar nan rana biyu ke fito mata, babba da ƙarama. Lokacin da muka iso ƙaramar tana ɓoye a bayan babbar, shi ya sa muka ƙetare faƙon da ranmu. Babu itace a birnin, kuma duk inuwar da ke wajen ɗaki ta sarki ce. Ranar farko na kife faifai a kaina a kasuwa, wani dogari ya kaɗe shi da sanda, ya ce, "Baƙuwa, wa ya naɗa ki?"

Ashe da inuwa ake auna mutum a can. Gidajen girma huɗu ne, kowanne da gangarsa da kirarinsa. Na ƙasa su ne 'Yan Ganye, ana ba su ganyen gwaza wanda ba ya bushewa, su kifa a ka, irin waɗanda suka tsamo yaro a rijiya ko suka kashe gobara. Sama da su 'Yan Malfa, waɗanda suka zubar da jini a yaƙi. Sai 'Yan Laima, waɗanda suka ci gari, kowa da mai riƙe masa. Can ƙololuwa kuwa 'Yan Girgije. Wallahi da idona na gani. Barade ne a kan jiminai, kowanne da zaren alharini ɗaure a wuyan hannu, ƙarshen zaren a sama ɗan girgije ne yana bin sa duk inda ya nufa, iska mai sanyi na sauko masa, mutane na zubewa. Tun da na ga haka abinci ya daina yi mini daɗi. Na ce wa Tasalla, "Ba ni barin garin nan sai da zare a hannuna." Ta ce, "Allah Ya ba ki, Yaya," ta ci gaba da tuƙa tuwo.

Gizagizan nan a barga ake kiwonsu kamar dawaki, kuma mai kula da su wani dattijo ne, Shamaki Gwadabe, wanda ya zama mai sayen kanwata don 'ya'yansa na jiminai. Wata rana ya zo fuska a murtuke. Na tambaye shi, ya ce uwar garken, wadda ke haifar gizagizan duka, ta tsinke igiya ta gudu kan Dutsen Marmara, kuma Gwaggon Dutse ta kama ta. Gwaggon nan wata tsohuwar dodanniya ce, tsawonta ya kai rimi. An tura 'Yan Laima, an tura 'Yan Girgije, ta kama jiminansu ta fige su kamar kaji, suka dawo a ƙasa. Sarki ya sa an yi shela: wanda ya dawo da uwar garke, za a miƙa masa hannun sarki, wato a naɗa shi da inuwar girma.

Na ce, "Shamaki, ci take yi da girgijen?"

Ya ce, "A'a, matashin kai ta yi da shi. Wuya ke mata ciwo."

Na ce, "To ai wannan ba maganar mashi ba ce, maganar kasuwa ce."

Muka ɗauki audugar rimi da man kaɗanya da barkono muka hau dutsen. Muka iske ta kwance a bakin kogo, kanta a kan girgijen, shi kuwa ya yi baƙi don wahala, yana ɗiga. A gefe ga wani ɗan ƙarami da uwar ta haifa a can, bai fi ƙwarya ba, yana karkarwa. Tasalla na ganinsa ta ce, "Wayyo, ɗan marayan Allah," ta nufe shi. Na finciko ta. Wanda ya nuna yana son kaya ya riga ya faɗi a ciniki.

Na ce, "Sannu da hutawa, Gwaggo."

Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ku ma sarki ya aiko? Ina jiminanku?"

Na ce, "Wane sarki? Wucewa muke, na ji tarinki tun daga gindin dutse, na ce bari in ga wace baiwar Allah ce ke kwana kan jiƙaƙƙen tsumma. Gwaggo, da girmanki? Wannan ai shi ke sa miki sanyin ƙashi. Ba ki jin wuyan na ƙara sanƙarewa da safe?"

Ta ce, "Yana yi."

Na ce, "Ai dole."

Na sa Tasalla ta hau kafaɗarta ta murza mata man kaɗanya, na tura mata buhun auduga guda ƙarƙashin kunne don ta ɗanɗana. Ta yi wata ajiyar zuciya har duwatsu suka gangara. Ta ce in ba ta buhunan duka ta bar mu da ranmu. Na ce albarka. Ta ce to ta ba ni kwandon gashin jimina. Na ce albarka, na fara ɗaure kayana. Na juya na kama hanyar gangare, ban waiwaya ba. Sai na ji ta ce, "Ke 'yar nan, dawo! Kwashe jiƙaƙƙen ki tafi da shi." Na dawo ina yatsina fuska kamar an cuce ni. Da muka ƙulla, na ce, "Gwaggo, ba gyara?" Ta ture mini ɗan ƙaramin da yatsan ƙafa. Ku riƙe wannan da kyau: da bakina na roƙi gyarar nan, ni Marka.

Na kama igiyar uwar, Tasalla ta goya ɗan a baya da zanenta tana yi masa waƙa. Ba mu kai tsakiyar gangare ba rana ta bugi kan Gwaggo, ta gane ba matashi kaɗai ta sayar ba, har da inuwarta. Muka ji dutse na girgiza, ga ta nan tafe. Tasalla ta fara salati. Na ce, "Riƙe igiya da hannu biyu, sakarya!" Na kwance ƙullin barkono, na jira har numfashinta ya taɓa ƙeyata, na watsa mata a hanci. Atishawar da ta yi ta ɗebe mu, mu da girgije, muka yi sama muna reto a igiya, ba mu dira ko'ina ba sai ƙofar fada.

Aka yi ta kiɗa. Aka sa ranar miƙa hannu. Kafin mu shiga Shamaki Gwadabe ya ja ni gefe ya ce, "Marka, abin da aka miƙo miki da farko, ki karɓa." Na yi dariya a raina. Wane dillali ne bai taɓa faɗa mini haka ba?

Fadar cike take, 'Yan Ganye a bakin ƙofa, 'Yan Malfa, 'Yan Laima, 'Yan Girgije kusa da karaga, gizagizansu sun taru a rufin soro. Al'adarsu ƙarami ake fara kira. Sarki Bagwanje ya ɗaga hannu sama, aka kawo ɗan girgijen nan nawa, gyarata, an sa masa zaren alharini. Ya ce, "Tasalla 'yar Sambo, ga inuwa." Ta zube ta ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Shi ke nan. Ko ta ɗan ja. Aka ɗaura mata zare, aka buga ganga, maroƙi ya ce, "Tasalla mai goyon sama!"

Abin ya ba ni haushi. Amma na yi lissafi irin na mai hankali: in wadda ta yi goyo kawai an fara mata da girgije, ni da na yi cinikin me ke ajiye domina? Duk duniya farkon tayi shi ne na ƙasa. Wannan ko yaron da aka aika sayen gishiri ya sani.

Sarki ya ɗaga hannu, aka jawo wani girgije fari tas, ya ninka na Tasalla. Ya ce, "Marka 'yar Sambo, ga inuwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, albarka. Ban karɓa ba."

Fadawa suka dubi juna. Aka fita da girgijen, na ɗauka za a ɗaure mini shi a waje ne kafin a ƙaro. Sarki ya ɗan sauke hannu, aka kawo laima mai geza ta azurfa. Na ce a raina, ga ƙari ya fara zuwa. Na ce albarka. Na ji wata tsohuwa a bayana tana sheshsheƙa. Aka kawo malfa. Raina ya ɓaci, na ce wannan ƙarin ai raini ne, na kau da kai. Tasalla na ta yi mini alama da ido, na harare ta. Sai ga ganyen gwaza a kan tire. Na ce, "Ranka ya daɗe, ganye? Ni da na shaƙi warin bakin Gwaggon Dutse? A mai da shi."

Hannun sarki ya sauka kan gwiwarsa. Aka buga ganga sau ɗaya. Fadawa suka miƙe, wasu na share hawaye. Sarki ya ce, "Tun zamanin kakana ba a ga mai tawali'u irin wannan ba. A rubuta sunanta cikin masu gudun duniya."

A waje na cafke rigar Shamaki na ce, "Ina girgijena?"

Ya ce, "Wane? Ai kin mayar. Marka, a nan sarki ba ya raina mutum da ƙaramin tayi. Daga sama hannunsa ke farawa. In ka ƙi, ka ce ke nan kayan sun fi ƙarfin wuyanka, sai a sauko maka da mara nauyi. Hannun kuwa in ya sauka ba ya komawa."

Na ce, "To a koma a sake zama. Ciniki ai ba ya mutuwa sai an watse."

Ya ce, "An watse."

Na ba shi kanwa, na ba shi jaki, na ce ko malfar ce a dawo mini da ita. Ya ce ko shi sarkin ba shi da ikon haka.

Abin da na gani bayan nan, Allah kada Ya nuna wa maƙiyi. Aka ba Tasalla jimina da gida mai soro. In ta ratsa kasuwa sai mata su bar rumfata su bi ta da guɗa. Furarta ba ta tsami, man shanunta ba ya narkewa, fatarta ta yi luwai, ni kuwa na yi baƙi kamar gindin tukunya. Ɗan girgijen ya yi ƙiba, har in ta yi dariya sai ya yi 'yar tsawa. Ni kuma in na wuce sai iyaye su nuna ni ga 'ya'yansu su ce, "Ga Mai Tawali'u, ku yi koyi." Wata ta kawo mini jaririnta in tofa masa albarkar haƙuri. Da ƙyar na hana kaina cizonta.

Kullum sai Tasalla ta zo rumfata ta ce, "Yaya, matso ki sha iska mana." To akwai wata doka a can: duk wanda ya zauna a inuwar ɗan Girgije da yardarsa ya zama baransa har mutuwa, shi zai riƙa ɗaukar masa takalmi. Na ce, "Ni na yi miki wanka kina jaririya, ni na ɗauke ki a baya kina majina, yau ni zan ɗauki takalminki?"

Ta ce, "Wallahi ba zan sa ki komai ba."

Na ce, "Suna fa? Ja abinki, kina kashe mini kasuwa."

Da abin ya ishe ni na ɗaure jakuna na ce gida za ni. Shamaki ya ce in jira, ƙaramar rana ta fito daga bayan babbar, Tanderu ba ya ƙetaruwa yanzu. Na ce gara rana biyu da guɗa ɗaya ta Tasalla.

Na shiga faƙon. Rana a gabas, rana a yamma, ko inuwar jikina babu. Ban yi nisa ba na ji takun jimina a bayana.

"Yaya, tsaya!"

"Koma wurin masu guɗarki."

"Ba ni komawa. Inda za ki nan za ni. Inna ta ce in riƙa bin ki."

"Inna ba ta ce ki bi ni da laimar sama kina yi mini gwalli ba."

Haka muka yi ta tafiya, ita cikin sanyi, ni cikin wuta. In ta matso da girgijen sai in kauce. Ruwan salkata ya ƙare. Jakuna suka gudu ƙarƙashin inuwarta, munafukai, har da wanda na raina tun yana ɗan ƙarami. Leɓena ya tsage, harshena ya zama kamar ƙirgi. Ta miƙo mini gora, na ce ruwan da ya kwana a inuwarta ma ba na so. Daga nan ƙafafuna suka ƙi, na faɗi.

Ta sauko ta tsaya daga gefe, tana riƙe da zaren nesa da ni. Ta ce, "Yaya, don Allah ki ce kin yarda. Kalma ɗaya. Babu mai gani a nan."

Na ce, da ɗan muryar da ta rage mini, "Ni ina gani."

Ta ce, "Za ki mutu fa."

Na ce, "A binne ni a rana."

Ta dube ni, hawaye na zuba. Sai na ga ta jawo zaren, ta sauko da girgijen har ƙasa, can gefe inda inuwarsa ba ta taɓa ni. Ta rungume shi, ta sumbace shi kamar ɗa. Sannan ta kama shi da hannu biyu ta murɗe, yadda ake matse wanki. Girgijen naɗi kuwa ba a matse shi. In ya zubar da ruwansa ya ƙare, girman mai shi ya ƙare tare da shi, kuma ba a naɗa mutum sau biyu. Ta san haka sarai, a gabanta aka karanta.

Na ce, "Ke mahaukaciya, me kike yi? Gyarata ce!"

Ya yi 'yar tsawarsa ta ƙarshe, ruwa ya ɓarke. Ya gangaro ta ƙarƙashina, ya cika faƙon, ya jiƙa ni har ƙashi. Na sha daga ƙasa kamar akuya. Da na ɗago kai babu komai a sama sai rana biyu, Tasalla na tsaye da zare a hannu yana lilo. Jiminar ta dube ta, ta ga ba inuwa, ta juya ta koma Tulluwa.

Tasalla ta ce, "To, Yaya, yanzu ba ni da abin da ya fi naki. Tashi mu tafi."

Danshin ƙasar da ruwan ya jiƙa ne ya kai mu bakin kogin yashi. Muka iso Kwargaba a kan jaki ɗaya, ita a baya. A hanya na yi ta jin sanyi a raina, ina cewa to, an yi kunnen doki, ba ta da shi, ba ni da shi.

Ashe ban san komai ba. Fataken da suka biyo bayanmu suka iske tafki a tsakiyar Tanderu, inda ba a taɓa ganin ɗigon ruwa ba, har ciyawa ta fito. Suka kawo labarin garinmu. Yau duk ayarin da ya sauka a can sai ya ce ya sha a Tafkin Tasalla. Makaɗa sun yi mata waƙa. Mata na sa wa 'ya'yansu sunanta. Dagaci da kansa in ya gan ta sai ya sauka daga doki. A Tulluwa aƙalla in ta shiga ɗaki ana ɗaure girgijen a waje, wannan suna kuwa har cikin ɗaki yake bin ta, kuma ba shi da zaren da za a tsinke. A cikin waƙar ni ce "yayarta da ta faɗi." Ko sunana babu.

Jiya ta kawo mini tuwo, ta zauna a bakin ƙofa tana tsince mini shinkafa. Na ce, "Tasalla, da kin bar ni na mutu, da yanzu ni ake wa waƙa." Ta yi dariya ta ce, "Ci tuwonki, Yaya, kada ya huce." Na ci, don miyar ta yi daɗi. Amma ban yafe ba.

Nan alƙalamina ya tsaya, tawada ta ƙare, yatsuna sun gaji. Wanda ya karanta, in hanya ta kai shi tafkin nan, ya sha ya yi alwala ya gode wa Allah, sannan ya faɗa wa na kusa da shi cewa Marka ce ta roƙi gyarar.